Rabon Azara a Gidan Ulibarri

Ranar da labarin ya iso kunnen Sinforosa Ulibarri tana kan tsani ne, laka har gwiwar hannu, tana yi wa bangon gidansu yaɓen shekara. Maƙwabciyarta Delfiniya, aminiyarta da suke kiran juna komadre, ita ce ta kawo shi, kuma don tsabar iya shege sai da ta bari Sinforosa ta kai matakin ƙarshe sannan ta buɗe baki.

"Komadre, dafa bangon nan da kyau kada ki faɗo. Ƙaninki ya sayar da azararsa."

"Wace azara?"

"Azara nawa gare shi a duniya? Ta babban ɗakinku mana. Masu gyaran otal ɗin tasha ya sayar wa. Surukina ne direban motar da za ta zo ɗauka, shi ya faɗa mini."

Sinforosa ta ƙarasa shafe lakar da ke hannunta don kada ta bushe a banza, ta sauko, ta wanke hannu a bokiti, ta shiga babban ɗaki ta ɗaga kai sama.

Azara tara ne ke ɗauke da rufin ɗakin nan. Kakan kakansu Anastasiyo ne ya saro su daga kan dutse ya jawo su da shanu, tun zamanin da ayarin fatake ke sauke kaya a dandalin San Telmo, kafin a san wani abu wai shi jirgin ƙasa a New Mexico. A kan azarar aka jera sanduna, a kan sandunan aka zuba ƙasa mai kauri aka daɓe. Hayaƙin murhu na shekara ɗari da ɗoriya ya mayar da itacen baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A jikin ta tsakiya Anastasiyo ya sassaƙa sunansa da shekarar da ya yi ginin. Gefen sunan kuma akwai wani ɗan kwarmi mai santsi inda igiya ta ci itacen, don duk jaririn da aka haifa a gidan Ulibarri a nan aka rataye gadonsa na lilo. A nan aka rataye na Sinforosa, a nan aka rataye na ƙaninta Trankilino, wanda kowa ke kira Lino.

A Tsohon Garin San Telmo ba a raba gidan gado da igiyar awo. Da azara ake rabawa. In mai gida ya mutu ya bar 'ya'ya da yawa da ɗakuna kaɗan, sai a ɗaga kai a ƙirga: wane uku, wance biyu. Mai azara shi ke da wurin da ke ƙarƙashinta. Wasu su ja bango su raba ɗakin, kowa ya fasa ƙofarsa. A da can ma akan sami marasa kunya da ke zare tasu su tafi su yi gini a wani wuri, su bar 'yan uwa da sararin sama. Iyaye masu tausayi sukan ba kowane ɗa nasa a jere don bangon ya yiwu. Mama, Allah ya jiƙanta, ba ta yi haka ba. Tana kwance kan gadon da ta cika a kai, ga limamin coci ga maƙwabta, ta ɗaga yatsa ta fara daga bakin ƙofa: "Lino. Sinforosa. Lino. Sinforosa." Haka har ta kai bango. Shi biyar, ita huɗu, a sarƙe da juna, ba inda za a ja bango ko na kara.

"Sai ku zauna tare," ta ce, "ko kuna so ko ba ku so."

To, dabarar ba ta ci ba. Ko shekara ba a yi da bizne ta ba Lino ya tattara ya haye gadar kogi, ya sami aikin jirgin ƙasa, ya yi aure a Sabon Gari. Sinforosa ce ta zauna. Ita ke yaɓe kowace shekara, ita ke hawa rufi bayan ƙanƙara ta narke ta toshe inda ya tsage, ita ke cire ciyawar da ke tsirowa a kai, ita ke gyara indararo. Sauran ɗakunan gidan, na 'yan uwan Baba, duk sun zube sun koma tudun ƙasa da awaki ke hawa. Babban ɗaki da madafa kawai suka rage, kuma a babban ɗakin take kwana. Shekara talatin da wani abu Lino bai taɓa ɗora mata ko kwano ɗaya na laka a kan tsani ba. Yau kuma shi ne mai sayar da rufi.

Ko rigar aikin ba ta canza ba ta kama hanyar gada.

Kogin da ya raba San Telmo biyu ba wani kogi ba ne, da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Amma da masu jirgi suka zo, sai suka ƙi kawo tasharsu dandali, suka kafa ta can hayin gabas, suka yi tituna miƙaƙƙu masu lamba da gidajen jan bulo masu hawa biyu, suka bar mutanen Tsohon Gari da lungunansu da bangayen ƙasarsu da Sifaniyancinsu. Sinforosa ba ta haye gadar nan sai dole. Yau tana hawa ta ga an ɗaura wani ƙaton ƙyalle daga wannan falwaya zuwa waccan, an rubuta ana maraba da baƙi zuwa Makon Gadon Kakanni, har da hoton ƙofar gidanta a jiki. Ta yi tsaki mai ƙarfi har wani mai keke ya waiwayo.

Ta tarar da Lino a baranda yana shan kofi, ya miƙe ƙafar nan tasa da birkin tarago ya lalata.

"A'a! Yaya ce da kanta? Yau gada ta yi babbar baƙuwa. Zauna a kawo miki kofi."

"Riƙe kofinka. Gaskiya ne abin da na ji?"

"Ya danganta da abin da kika ji."

"Lino, kada ka raina mini hankali. Na goya ka, na wanke maka kashi. Ka sayar ko ba ka sayar ba?"

Ya ajiye kofin. "Na sayar da nawa. Ban taɓa naki ba."

"Naka! Ka ji shi, wai nasa! In an zare biyar ɗin, huɗuna da me za su riƙe ƙasar? Da addu'a?"

"Ai sun yi alkawari. Za su kwashe ƙasar, su sa miki sababbin katakai da kwano, har da silin. Kyauta. Ki huta da hawa tsani, Yaya, kin haura sittin. Wata rana faɗowa za ki yi a zo a kira ni."

"Kwano! In kwanta ƙarƙashin kwano kamar kaza a akurki? Da sanyi in daskare, da zafi in gasu? Wa ya ce maka na gaji?"

Lino ya murza gwiwarsa. Da ya sake magana muryarsa ta canza, ba wasa a cikinta.

"Kin tuna ta wace ƙofa Baba ke shiga otal ɗin nan?"

Ta tuna mana. Shekara arba'in Baba na ɗaukar akwatunan fasinja a otal ɗin tasha, kuma ta ƙofar baya yake shiga, ta wajen kwandunan shara. A tsaye yake cin tortiyarsa, wato gurasar masara, da wake a bayan madafa, don ɗakin cin abincin ba na masu irin sunansu ba ne.

"To a ɗakin cin abincin nan za a sa su," Lino ya ce. "Ta tsakiyar, mai sunan Kaka, ita ce za ta fuskanci babbar ƙofa. Duk mai kuɗin da ya shigo sai ya ɗaga kai ya karanta Ulibarri. Ta gaba za mu shiga wannan karon, Yaya. Ni abin da na gani ke nan. A gidanki wa ke ganinsa? Ke da gizo-gizo."

"Gidana ne yanzu? Ɗazu ka ce naka." Ta matso har sai da ya janye ƙafa. "Ta gaba za mu shiga! Kai, amma ka ba ni kunya. Sun ƙi Baba da ransa, sai yanzu suke son rufin ɗakinsa don 'yan giya su sami abin kallo in sun ɗaga kwalba. Ba mu suke so ba, sakarai, kayanmu suke so. Da za su iya cire ƙofata su bar ni a titi da sun cire."

"Gado ne, Mama ta ba ni. Me na taɓa ci a cikinsa? Ko tabarma ban iya shimfiɗawa a ƙarƙashin rabona ba tare da ta hau naki ba."

"Ƙofa a buɗe take tun ranar da ka fita. Kai ka ƙi shigowa."

"In shigo ki cinye ni da baki? Ranar Litinin ta sama za su zo. Ki kwashe kayanki daga ɗakin kada ƙasa ta ɓata su."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tofar da yawu a gefen matakalarsa, ta juya.

Washegari ta tafi wajen 'yan kwamitin kula da tsofaffin gine-gine, su da suka manna mata farantin tagulla a bango mai shaidar gidan na tarihi ne, suke turo mata baƙi da kyamara kowace bazara suna leƙa mata taga tana cin abinci. Shugabansu ya ba ta kujera mai laushi, ya saurare ta da fuskar tausayi kamar a gidan makoki, sannan ya bayyana mata cewa dokarsu abin da ake gani daga titi kawai take karewa. Bango, ƙofa, taga. Abin da ke ciki maganar iyali ce. Ya ma ƙara da cewa ai abin farin ciki ne azarar ba za ta bar garin ba. Ta tambaye shi ko shi ma zai yi farin ciki in an cire masa haƙarƙari biyar aka rataye a otal, tunda ba za su bar garin ba. Sai ya miƙe ya raka ta har ƙofa da sauri.

Kwana biyu bayan haka Misis Prewitt ta zo, matar da aka ɗauko daga wani babban birni don ta ƙawata otal ɗin. Doguwa ce, ta sha azurfa da shuɗin dutse a wuya da hannu, irin wanda 'yan yawon buɗe ido ke saye a dandali. Da Sifaniyanci ta yi sallama, wani gurgun Sifaniyanci na littafi. Abin ya ƙona wa Sinforosa rai, don a makarantar Sabon Gari an sha fasa mata yatsu da rula saboda wannan harshen, yau ga shi ya zama ado a bakin baƙuwa. Da Turanci ta amsa mata, a daƙile.

Ta bar ta ta shiga, don rabon Lino ne, ba ta da ikon hanawa. Matar ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ɗaga kai, ta dafe ƙirji. Ta hau kujera ba ko neman izini, ta shafa azarar tsakiya da tafin hannu, ta bi sunan Anastasiyo da yatsa, ta sa yatsan cikin kwarmin igiya.

"Wannan fa mene ne?"

"Itace ne," in ji Sinforosa.

"Kin san abin da kike da shi kuwa?" Matar ba ta ma ji gatsen ba. "Itace ai ko'ina akwai shi, gobe in na so a kawo mini gungume ɗari daga injin yanka. Wannan baƙin shi ne ba a samu. Mun gwada fenti, mun gwada ƙonawa da wuta, ƙarya ce kawai ke fitowa. Wannan sheƙin, da sawun gizago, da rubutun nan, su nake saye. Don Allah kada a goge komai kafin Litinin, ko yanar gizo-gizon a bar mini."

Sinforosa ta dubi matar. Sannan ta ce, "To. Na ji."

Matar na fita, Sinforosa ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa Delfiniya kira.

"Komadre! Injin gurzar katakon marigayi mijinki yana nan?"

"Yana nan. Me za ki gurza?"

"Kawo shi. Ki zo da tsohon zanen da ba ki so."

Suka fitar da gado da akwati da gumakan waliyyan Mama zuwa madafa. Suka haɗa tebur biyu suka ɗora katako a kai. Sinforosa ta ciro gizagon Baba daga bayan murhu ta wasa shi a kan dutse har yana aske gashin hannu. Sai da ta ɗaure kanta da ƙyalle ta hau teburin sannan Delfiniya ta gane.

"Ke! Sinforosa! Kin haukace ne?"

"Riƙe mini teburin."

"Wallahi ba da ni ba. Wannan ai rabon Lino ne, ba a taɓa azarar wani. Uwarki ma sai ta tashi daga kabari."

"Ta tashi mana, ina da magana da ita. Wa ke share ɗakin nan? Ni. Wa ke shafa masa farar ƙasa? Ni. To yau shara ta kai sama. Ba zan cire masa ko ɗaya ba, biyar ɗinsa na nan cif. Wanke masa su zan yi."

"In kin kankare baƙin me ya rage? Shi ne fa gidan."

"Itace ke riƙe da rufi, ba kunkunniya ba. Riƙe tebur, ko ki tafi gida ki yi ta gulma."

Delfiniya ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta zagi Lino, ta zagi otal, ta zagi ranar da ta yarda ta riƙe wa Sinforosa 'ya a wurin baftisma har suka zama komadre, sannan ta riƙe teburin.

Saran farko ya fi kowanne wuya. Gizagon ya shiga, wani baƙin sassaƙe mai faɗin tafin hannu ya faɗo, ƙarƙashinsa itacen ya fito fari sol, har da ƙanshin ƙaro kamar jiya aka saro shi. Sinforosa ta cije leɓe ta sake sara.

Aiki ne na wahala, sara sama da kai. Kafaɗunta suka yi kamar za su cire, baƙar ƙura ta cika mata ido da hanci, in ta yi kaki baƙi ne ke fita. Da gizago take ɗauke fuskar, sannan ta bi da injin ta gurje abin da ya saura har cikin lungun sanduna. Ta gama ta bakin ƙofa, ta tsallake tata, ta kama ta gaba. Da ta ji hannunta zai mutu sai ta tuna Baba tsaye a bayan madafar otal da tortiya a hannu, ko ta tuna yatsan matar nan cikin kwarmin igiya, sai ƙarfi ya dawo. Delfiniya na ƙasa tana tattara sassaƙen cikin buhunan wake, tana kawo kofi, bakinta bai huta ba.

"Dube ki don Allah, kamar wadda aka zaro daga bututun hayaƙi. Da baƙin kyamarar nan za su zo yanzu da sun sami hoton gadon kakanni na gaske."

"Ki yi shiru ki matsar da teburin."

Ta tsakiyar ta bari ƙarshe. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta hau ta tsaya a ƙarƙashinta, gizago a hannu, ta kasa ɗagawa. Tun tana ƙarama da sunan nan ta koyi karatu, Baba na ɗauke da ita a wuya yana nuna mata haruffan ɗaya bayan ɗaya. Kwarmin kuwa ta san shi fiye da kowa. Ita ce ke jan igiyar in Lino na kuka Mama na wajen tanda, tana ja tana yi masa waƙa har ya yi barci.

"Bar wannan ɗaya," Delfiniya ta ce a hankali, ba tsokana a muryarta. "Huɗu sun isa su kore ta."

"Ba su isa ba. Wannan ta fi so. In na bar ta, ita za su zare, kuma ita ce ke ɗauke da tsakiyar rufin."

"Komadre, abin da kika sare ba ya komawa fa."

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba?" Ta daka mata tsawa har ƙura ta zubo daga sanduna. Hawaye na wanke baƙin fuskarta layi-layi. "Su suka ja. Shi ya ja. Da ya bar ni da abina da na taɓa shi?"

Ta ɗaga gizagon. Sunan Anastasiyo ya sauko guntu-guntu. Kwarmin ya fita a sara ɗaya, ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, Delfiniya ta tsince shi ta jefa cikin buhu ba tare da ta duba ba.

Ranar Litinin da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gida, da ma'aikata da kwanon rufi a baya. Misis Prewitt ce a gaba, Lino na biye yana ɗingishi, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Sinforosa ta yi wanka ta sa baƙar riga, tana zaune kan kujera a tsakiyar ɗakin, gizagon a kan cinyarta, buhu uku a jere a gabanta.

Matar ta shigo da murmushi ta ɗaga kai. Murmushin ya tsaya a inda yake. Sama, rufin ya zama layi-layi: fari, baƙi, fari, baƙi, har bango.

"Me... me aka yi musu?"

"Shara na yi," in ji Sinforosa. "Ga su nan biyar, lafiyarsu lau, ko tsaga babu. A zare."

"Wannan ai... wannan ai gungume ne kawai! Me zan yi da wannan? Kin san abin da kika lalata?"

"Na fi ki sani."

Matar ta yi ta zagaye ɗakin tana magana ita kaɗai, ta ambaci lauya, ta ambaci kwamiti. Sinforosa ta tuna mata cewa dokar kwamiti abin da ake gani daga titi kawai take karewa. Sai matar ta tsaya, ta sake ɗaga kai, idonta ya sauka kan baƙaƙen huɗun da suka rage. Kai, wasu mutane ba su da ta ido ko kaɗan.

"Waɗannan huɗun fa? Naki ne, ko? In za mu yi magana..."

Sinforosa ta miƙe tsaye da gizagon a hannu. Ba ta ɗaga shi ba, miƙewa kawai ta yi. Misis Prewitt ta fice har tana tuntuɓe da dokin ƙofa, ma'aikatan suka bi ta, surukin Delfiniya na danne dariya. Motar ta tashi da kwanonta.

Lino bai motsa ba. Tun da ya shigo yake tsaye ƙarƙashin azarar tsakiya, kansa a sama, bakinsa a buɗe. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓo ta, hannun bai kai ba.

"Ina sunan Kaka?"

"Ga shi nan a buhu."

"Kwarmin igiyar fa?"

"Yana ciki. Duk abin da suka ce suna so yana ciki, baƙin da sheƙin da rubutun. Ɗauki ka kai musu. Ka shiga da shi ta ƙofar gaba."

Ta daɗe tana tanadin maganar nan, tun tana kan tebur take juya ta a baki, ta ɗauka in ta faɗe ta za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji komai ba sai ɗaci.

Lino ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya kwance bakin buhu ɗaya ya tura hannu. Farar rigar ta yi baƙi har kafaɗa. Ya yi ta tonawa, ya ciro wani guntu mai rabin harafi ɗaya na sunan, ya juya shi, ya mayar. Sai a buhu na uku ya sami kwarmin. Ya riƙe shi a tafin hannu, ya sa babban yatsa a cikin santsin yana shafawa. Tsoho mai furfura, sai ga shi yana kuka kamar yaro.

"Ni sayarwa na yi, Yaya," ya ce. "Da yana can, duk ranar da na so in je in ɗaga kai in gan shi. Ke ma ki je ki gani. Jikokinmu su gani. Ke kuwa kin kashe shi."

"Rufin na nan."

"Yana nan. Ki ci rufinki."

Ya mayar da guntun cikin buhu ya ɗaure bakin da kyau. Ya ja na farko zuwa waje, ya dawo ya ja na biyu. Sinforosa na tsaye tana kallonsa, fushin da ya riƙe ta tsawon kwanakin nan yana zarewa daga jikinta. Da ya kama na ukun, wanda kwarmin ke ciki, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Lino. Bar mini guntun nan ɗaya. Na igiyar. Ni na ja maka ita."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo duka ba.

"Daga wace azara ya fito?"

Ta ɗaga kai ta dubi azarar tsakiya.

"Ta tsakiya tawa ce. Mama ce ta raba, a gaban mutane." Ya saɓa buhun a kafaɗa. "Ban taɓa naki ba, Yaya. Kada ki taɓa nawa."

Ta bi shi da ido ta taga. Ya bar buhu biyu a gindin bango ya ce wa Delfiniya zai aiko a ɗauka, na ukun kuwa bai yarda ya ajiye ba. Haka ya ratsa dandali da shi yana ɗingishi, ya wuce ƙarƙashin ƙyallen nan mai hoton ƙofarta, ya hau gada.

Delfiniya ta shigo ta taya ta mayar da gado da akwati da waliyyan Mama, kowanne a wurinsa. Da azahar hadari ya haɗo daga kan dutse, aka yi ruwa mai ƙarfi, indararo na ta zuba a tsakar gida. Ko ɗigo bai shigo ɗakin ba.

Sinforosa ta kwanta rigingine don ta miƙe bayanta, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, idonta ya sauka a kan rufin. Shekara da shekaru in ta duba sama rufi ɗaya take gani, sai ta ƙirga daga ƙofa kafin ta san wacce ce ta wa. Yanzu ba sai ta ƙirga ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa Delfiniya gobe ta zo ta taya ta mayar da gadon zuwa madafa, can za ta riƙa kwana.